Kalmar da ta sa na jingina wa Marx karin harshe

Shekara biyu ke nan da aka ba ni aikin fassara wasu takardun darasi kan tarihin falsafar Turai daga Ingilishi zuwa Hausa, kuma har yau idan na ci karo da kalmar dialectically sai gabana ya faɗi. Nazarin harshe na karanta, na daɗe ina rubutu kan bambancin Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci, saboda haka da idona ya sauka kan kalmar, abin da na hango a cikinta shi ne dialect, wato karin harshe. Jimlar tana bayani ne a kan yadda masanin falsafa Bajamushe Karl Marx ya kalli tarihin al'umma. Ni kuwa na rubuta cewa ya kalle shi ta fuskar karin harshe, na maimaita hakan a wuri huɗu, aka buga, aka raba wa ɗalibai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sai da na duba ƙamus kafin na rubuta. Na tarar da ma'ana biyu, ta farko ta shafi manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, da muhawara, ta biyu ta shafi karin harshe, sai na tsallake ta farkon na ɗauki wadda na saba da ita, na rufe ƙamus hankalina kwance. Bayan mako uku wani dattijon malami da ke koyar da darasin ya kira ni a waya, ya ce: "Malam, a ina kuka samo karin harshe a maganar Marx?" Bai ɗaga murya ba, amma kunyar da na ji ta hana ni barci a daren.

Washegari na zauna na bi asalin kalmar, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe ma'anonin biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. A Girkanci akwai aikatau dialegesthai, wato yin zance da juna, kuma daga gare shi kalmomi biyu suka fito: dialektos, yadda mutanen wani yanki suke magana, da dialektike, fasahar neman gaskiya ta hanyar tattaunawa. Wannan ta biyun ita ce hanyar tambaya da amsa da Aflatun, masanin falsafar Girka, ya nuna malaminsa Sokratis yana bi da abokan zancensa. A makarantun Turai na tsakiyar zamani ta zama ɗaya daga cikin fannoni uku na farko, tare da nahawu da balaga, har sunanta ya kusa zama daidai da manɗiƙi baki ɗaya. Da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 ta hanyar Latin da Faransanci, ita kuwa dialect sai a ƙarni na 16 ta iso.

Ma'anar da ta kayar da ni daga Jamus ta zo. A wurin masanin falsafa Hegel, wanda ya rasu a 1831, kalmar ta bar zauren muhawara ta koma sunan yadda tunani da tarihi suke ci gaba ta hanyar karon kishiyoyi, wato abubuwa masu saɓa wa juna. Marx ya karɓi hanyar, amma a 1873 ya rubuta cewa a hannun Hegel kife take, ƙafa a sama kai a ƙasa, dole a miƙar da ita ta tsaya kan rayuwar zahiri. Duk wannan yana cikin takardun da nake fassarawa, shafi biyu kacal kafin jimlar da na ɓata, kuma ni da hannuna na fassara shi.

Na so in kafa wa kaina doka mai sauƙi, cewa duk inda na ga dialectically maganar falsafa ce, domin tun ƙarni na 19 Ingilishi ya sami dialectal da dialectally don karin harshe kawai, kuma su masana harshe suka fi amfani da su a yau. Sai dai dokar ba ta riƙe ba, saboda tsofaffin littattafan nahawu, har da wasu marubutan yanzu, suna rubuta dialectically da nufin karin harshe. Yanzu sai na karanta sakin layin gaba ɗaya, in ga ko ana maganar furuci da yankuna ko ana maganar hujja da saɓani, kafin in taɓa alƙalami.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Larabawa sun fassara fannin da jadal, amma jidali a bakin Bahaushe ya koma rigima da wahala, don haka na bar shi. Inda ake maganar Aflatun na rubuta "ta hanyar tambaya da amsa", inda ake maganar Hegel da Marx na rubuta "ta hanyar karon kishiyoyi". Da kuɗina aka sake buga shafukan huɗu, amma ɗaliban da suka riga suka kwafi tsohuwar fassarar cikin littattafansu ban samu isa gare su duka ba.