Kafin Ka Sayi Firintar Hoto ta Gida, Fara da Lissafin Tawada

A shagonmu na ɗaukar hoto da wanke shi a Sabon Garin Zariya, iyaye da ɗaliban Samaru kan tambaye mu wace firinta za su saya su riƙa fitar da hotuna a gida. Abin da nake fara faɗa musu shi ne, kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, na tawada da takarda kuwa ba ya ƙarewa. Ka san nawa hoto ɗaya mai inci 4 da 6 zai tsaya maka tun kafin ka yi tayi.

Iri biyu ne suka dace da hoto. Akwai mai aiki da zafi da ribon, wato siririyar leda mai ɗauke da launi, kamar Canon Selphy CP1500. Takarda na shiga tana fita sau 4: uku na launi, na ƙarshe kuma shafe ne da ke kare hoton daga ruwa da zanen yatsa. Lissafinta a fili yake, domin kwalin KP-108IN na ɗauke da takarda 108 da ribon ɗinsu, sai ka raba kuɗin kwalin gida 108. Ba ta toshewa ko ta yi wata uku a ajiye, tunda babu ruwan tawada a cikinta. Amma ba ta wuce girman kati, kuma kowane hoto ya fi tsada. Wanda sai sallah ko suna yake buga hoto, ita ce tasa.

Mai buga hoto da yawa ya nemi iri na biyu, mai tankin da ake ɗura wa tawada. Epson L805 da L8050 launi 6 gare su, har da shuɗi mai haske da ja mai haske, kuma waɗannan biyun su ne ke sa fatar mutum ta fito sumul. Canon G540 ma 6 ne, amma nata ƙarin ja ne da ruwan toka. Mai launi 4 irin Epson L3250 ta isa aikin makaranta, sai dai idan ka kusanto da hoton amarya za ka ga ɗigo-ɗigo a kumatu. Mu da muka koyi aikin a zamanin fim, maigida ba ya bari a miƙa wa mutum hoto sai an duba launin fata a hasken rana, kuma har gobe da wannan muke auna na'ura. Masu katirij kuwa, wato ɗan akwatin tawadar da ake sauyawa idan ta ƙare, arharsu a ranar saye kawai take, domin tawadar cikin katirij ɗin kaɗan ce.

Babban ciwon kan sana'ar nan shi ne jabun tawada. Ana ɗura ta a tsohuwar kwalba, a manna takarda, a ce ta kamfani ce. Ranar farko hoto zai yi kyau. Bayan 'yan watanni a bango sai baƙi ya koma kore-kore, jar alkyabbar mahayin Hawan Sallah ta koɗe. Ga shi tana toshe kan firinta, wato sashen da ke fesa tawada a takarda, wanda sauya shi kan kusan kai kuɗin sabuwar na'ura. Idan kwastoma ya ce ya samu wanki da rabin farashinmu a wani wuri, yawanci daga nan rahusar ta fito. Mu da ta asali muke aiki, kuma kai ma ka duba lambar kwalbar da ta dace da taka: L805, alal misali, 673 take sha.

Yanayin Zariya ma na da nasa. Ƙurar hunturu da zafin bazara na busar da kan firinta, don haka ka buga gwajin layukan launi sau ɗaya a mako, ka rufe na'urar da kyalle. Kada ka yawaita sa na'urar ta wanke kanta, yana shan tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse ragowarta a ciki, har na'urar ta tsaya. Ka kashe ta da maɓallinta don kan ya koma mazauninsa ya rufu. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, a buɗe yake tsayawa ya bushe, shi ya sa ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, yake da amfani.

Takarda ka nemi mai sheƙi mai nauyin giram 230 zuwa 260 a kowace murabba'in mita, ka kuma zaɓi irinta a saitin kwamfuta, in ba haka ba tawada ta yi yawa ko ta gaza. Hoton inci 4 da 6 na bukatar fiksel 1200 da 1800. WhatsApp na matse hoto, don haka a turo maka shi a matsayin fayil. Mai son ganin bambanci ya kawo hoto ɗaya shago, mu fitar masa da shi a mai launi 4 da mai 6 da mai ribon, ya jera su ya duba kafin ya shiga kasuwa.