Wace lamba ce ke biyo baya?

Jarrabawar neman aiki ce ta fara jefa ni cikin wannan harka ta jerin lambobi, irin wacce ake zaunar da mutum gaban kwamfuta agogo na ta gudu a gefe, a jero maka 3, 8, 15, 24, 35 a ce to faɗi ta gaba. Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san irin tambayoyin nan tun lokacin shirin jarrabawar shiga sakandare, sai dai yawancinmu haddace amsa muka yi muka wuce. To jarrabawa dai ta zo ta wuce amma abin bai sake ni ba, yanzu haka in ina cikin adaidaita sahu an tsaya a go-sulo ko ina layin banki, sai in ɗauko jeri ɗaya a kaina in ta juya shi, ba biro ba takarda, kuma wallahi ina jin daɗinsa sosai.

Abu na farko da na koya, kuma shi ne ya fi yi mun amfani har yau, shi ne in daina ƙura wa lambobin ido in koma kallon tazarar da ke tsakaninsu. Ɗauki wancan jerin na sama. Daga 3 zuwa 8 akwai 5, daga 8 zuwa 15 akwai 7, sai 9, sai 11. Ka ga ita kanta tazarar tana ƙaruwa da bibbiyu, kenan ta gaba 13 ce, 35 a tara da 13 ya ba ka 48, shikenan ka ci makinka. A zauren jarrabawa nan za ka tsaya ka wuce tambaya ta gaba. Amma da na samu lokaci na sake zama da jerin sai na ga kowace lamba a ciki saura ƙiris ta kai lamba sau kanta: 3 saura ɗaya ta kai 4, 8 saura ɗaya ta kai 9, 15 ta kai 16, 24 ta kai 25, 35 ta kai 36, to ta gaba 49 ban da ɗaya, 48 dai again kamar yadda yara ke cewa, wato amsa ɗaya. Can kuma sai na lura ai 3 ita ce 1 sau 3, 8 ita ce 2 sau 4, 15 ita ce 3 sau 5, 24 ita ce 4 sau 6, to 6 sau 8 nawa ne? 48. Hanya uku mabambanta duk suka kai ni gida ɗaya, kuma daga nan na samu wata dabara da nake amfani da ita a lissafin yau da kullum, in aka ce 19 sau 21 ba na wahalar da kaina, 20 sau 20 ne 400 a cire ɗaya, 399.

In tazarar farko ba ta nuna komai ba sai ka ɗauki tazarar tazarar, in ita ma shiru ka ƙara sauka. In ka ga tazarar tana ninkuwa, kamar a 2, 5, 11, 23, 47 inda take tafiya 3, 6, 12, 24, to ninki ne ke aiki a ciki, kowace lamba an ninka ta biyu an ƙara ɗaya, ta gaba 95. In kuma ka ga jeri yana hawa yana sauka kamar 2, 9, 4, 7, 6, 5, 8, yawanci jeri biyu ne aka saƙa waje guda, ka riƙa tsallake ɗaya za ka ga 2, 4, 6, 8 a gefe da 9, 7, 5 a ɗaya gefen, amsa 3. Waɗannan kam sabo ne kawai, da ka yi su da yawa idonka zai riƙa ganinsu da kansa.

Akwai kuma waɗanda duk lissafin duniya ba zai fitar maka da su ba. Ƙanwata ce ta taɓa kawo mun 2, 4, 4, 3, ta ce Yaya faɗi ta biyar tunda kai ne gwani. Ba tazara ba ninki a nan, raka'o'in salloli biyar ne, Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, saura Isha'i 4. Haka 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500, wanda ke riƙe kuɗi a kasuwa zai ce maka 1000 tun kafin ɗan boko ya gama ɗebe 10 daga 20, takardun naira ne. Ko 31, 28, 31, 30, 31, kwanakin watannin turawa. Shi ya sa yanzu kafin in fara wani ɗebe-ɗebe nakan tsaya tukuna in tambayi kaina ko na taɓa ganin lambobin nan a wani wuri.

Amma jerin da ya canja mun tunani gaba ɗaya shi ne 1, 2, 4, 8, 16. Ba wanda za ka ba wa wannan bai ce 32 ba, kuma yana da gaskiyarsa, in ninkawa ake yi. To zana da'ira ka sa ɗigo biyu a bakinta ka haɗa su da layi, ta rabu gida 2. Sa ɗigo uku ka haɗa kowanne da kowanne, gida 4. Ɗigo huɗu, gida 8. Ɗigo biyar, gida 16. Yanzu sa ɗigo shida, ka warwatsa su yadda layi uku ba za su haɗu a wuri ɗaya ba, ka ƙirga a hankali. 31 za ka samu. Ka sake zanawa da babbar takarda ka sake ƙirgawa, 31 ɗin ce dai, ba yadda za ka yi ka fitar da ta 32, in ma ka jera ɗigon daidai wa daida tazara ɗaya sai ta koma 30 saboda layuka uku sun haɗu a tsakiya sun cinye ƙaramin gida ɗaya. Ɗigo bakwai kuma 57 ne, ko kusa da 64 bai je ba.

Na daɗe a kan wannan don ina so in san dalili, kuma dalilin yana da kyau ƙwarai. Da'ira ba layi ko ɗaya gida ɗaya ce. Duk layin da ka ja yana ƙara gida ɗaya, sannan duk inda ya gitta wani layin ya sake ƙara ɗaya. Kenan yawan gidaje shi ne 1, a tara da yawan layuka, a tara da yawan mahaɗa. Da ɗigo shida layuka 15 ne, mahaɗa kuma kowane ɗigo huɗu da ka zaɓa suna ba da mahaɗa guda ɗaya tak, hanyoyin zaɓen huɗu cikin shida su ma 15 ne, to 1 da 15 da 15 ya ba ka 31. Da ɗigo biyar, 1 da 10 da 5, 16. Ka ga tun asali babu wani ninkawa a cikin lamarin, dacewa ce kawai ta sa biyar ɗin farko suka yi kama da ninki. Kuma in ka bi ta hanyar tazara ma za ka kama shi: tazarar 1, 2, 4, 8, 16, 31, 57 ita ce 1, 2, 4, 8, 15, 26, ta ƙasanta 1, 2, 4, 7, 11, ta ƙasan wannan 1, 2, 3, 4, a nan abin ya bayyana.

Wani misalin da ya fi wannan ban tsoro na Euler ne, masanin lissafin nan ɗan ƙasar Suwizalan na ƙarni na 18. Ɗauki lamba, ka yi ta sau kanta, ka ƙara ita kanta, ka ƙara 41. Daga 0 za ka samu 41, 43, 47, 53, 61, 71, duk lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1, kuma haka za su yi ta zuwa har sau arba'in a jere ba kuskure. A kan 40 sai ta ba da 1681, wanda shi ne 41 sau 41. Sau arba'in fa. Wa zai gwada abu sau arba'in ya yi daidai bai rantse haka yake har abada ba?

Tun daga nan na daina gamsuwa da na gano ta gaba, sai na san me ke haifar da jerin. Misali 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, kowa ya san kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce, ana danganta shi da Fibonacci ɗan garin Pisa a Italiya wanda ya kawo shi a littafinsa na 1202 da misalin haihuwar zomaye, shi kuwa a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ya koyi lissafi da waɗannan lambobi da muke rubutawa yau lokacin mahaifinsa na aiki a can. Amma ni ban ji jerin ya shige ni ba sai da na gan shi a matattakalar bene. A ce kana iya taka ɗaya ko ka tsallake ka taka biyu, hanya nawa za ka hau matakala biyar? Takunka na ƙarshe ko daga ta huɗu ya fito ko daga ta uku, ba wata hanya bayan waɗannan biyun, kenan hanyoyin hawa biyar su ne na huɗu a tara da na uku, 5 da 3, 8. Wannan kam ba ya buƙatar in gwada sau arba'in, na san ba zai taɓa karyewa ba don na ga abin da ke tura shi. Malaman Indiya irin su Hemachandra sun riga Fibonacci isa wurin, su ta hanyar waƙa suka bi, suna ƙirga yadda za a jera gaɓa gajera da doguwa a cika ma'aunin baiti, wanda duk mai nazarin karin rubutacciyar waƙar Hausa zai gane me ake nufi.

Mu ma nan ba baƙi ba ne a wannan fage. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami ne daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ni ɓangaren lissafin ne ya ja ni. Hatimi mai gida tara, 4 9 2 a sama, 3 5 7 a tsakiya, 8 1 6 a ƙasa, ta ko'ina ka tara 15 ne. Me ya sa 15? Don 1 zuwa 9 jimlarsu 45 ce, layi uku ne, kowanne ya ɗauki 15. Me ya sa dole 5 ce a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60, sun taɓa kowane gida sau ɗaya amma na tsakiya sau huɗu, kenan rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce lambar tsakiya sau uku, 5 kenan. Da irin wannan tunanin za ka san mai gida 25 kowane layinsa 65 ne tun kafin ka rubuta ko lamba ɗaya.

Abin da ke ɗan damuna shi ne yadda ake koya wa yara wannan a makaranta, amsa ɗaya ce a bayan littafi, yaro ya kawo wata a ja masa jan biro ba a tambaye shi ta ina ya bi ba. In aka ba yaro 1, 2, 4 ya ce 7, ai bai yi kuskure ba, tazara ce ya gani 1, 2, sai 3. Wanda ya ce 8 shi ma daidai ne. Ni in ina yi da yaran gidanmu sharaɗina ɗaya ne, kowace amsa ka kawo sai ka faɗi ƙa'idarka kuma ta hau kan duk lambobin da aka bayar ba tsallake, kuma sau da yawa wanda ya kawo baƙuwar amsa shi ya fi yin tunani. A jarrabawa kam dole ka zaɓi ƙa'ida mafi sauƙi don ita mai tambaya ke nufi, lokaci ma ba zai bar ka ka yi dogon nazari ba, wannan daban.

Akwai wani rumbu a intanet da ake kira OEIS, wani masani Neil Sloane ne ya fara tara jerin lambobi tun 1964 yana ɗalibi, yanzu sun haura 300,000. Ka rubuta 1, 2, 4, 8, 16 a ciki ka ga tulin jerin da suka fara da haka kowanne ya kama gabansa. Sai dai ni ba na buɗe shi sai na gama wahala da kaina, don in ka duba da wuri ka samu amsa amma ka rasa wasan.

Wanda nake ba mutane kwanan nan shi ne 1, 11, 12, 1121, 122111. Kar ka ɗebe komai kar ka ninka, karanta kowace lamba da baki ka faɗi abin da ka gani: 1 guda 1, sai ka rubuta 11, ita kuma 1 ce guda 2, ka rubuta 12, ita kuma 1 guda 1 da 2 guda 1, 1121. Ta gaba bayan 122111 ita ce 112213. John Conway na Ingila ya yi nazarin irinsa, nasa dai adadin ake fara rubutawa kafin lambar, ya nuna tsawon lambobin yana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100 a kowane mataki in an yi nisa. Ka ci gaba da shi iya yadda za ka iya, 4 ba za ta taɓa fitowa a ciki ba, kuma dalilin bai fi ƙarfin wanda ya zauna ya tambayi kansa me zai sa lamba ɗaya ta jeru sau huɗu a layin da ke bayanin na gabansa ba.