Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dajin da Ya Mutu a Tsaye

A makon jiya mun tsaya a inda na samu ɗaki a Gotingen bayan fama da neman masauki. Yau sai mu shiga abin da ya kai ni Jamus ɗin, wato karatun gandun daji.

Cikin watan Oktoban 2019 aka kwashi 'yan ajinmu zuwa tsaunukan Harz. Tun daga cikin mota muka fara hango ɓarnar. Gefen tsauni guda, iya ganinka, bishiyoyi ne a tsaye furfur, ba ganye ba ɓawo. Wani ɗan Indonesiya da ke kusa da ni ya ce gobara ce. Direba ya girgiza kai, ya ce ƙwaro ne.

Wanda ya karɓe mu wani dattijon malamin daji ne, da karensa a gindinsa. Bai tsaya dogon jawabi ba. Ya kai mu wurin wata bishiyar fihte, irin mai ganye kamar allura, wadda samanta kore shar, ya nuna mana wani jan gari da ya taru a gindinta. Ya ce wannan ta riga ta mutu, labarin ne bai kai sama ba. Sai ya sa gatari ya ɓamɓare ɓawon. A ciki akwai hanyoyi a zane, doguwa a tsakiya, ƙanana sun fita dama da hagu, kowace da farar tsutsa a ƙarshenta. Uwar kuwa ƙwaro ce baƙi-baƙi, tsawonta bai wuce milimita 5 ba. Ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ta yi ta tafiyarta ba ruwanta.

Ƙwaron nan ba baƙo ba ne, tun fil azal yana dajin. Bishiya mai lafiya, in ya huda ta, sai ta kwararo ƙaro ta nutsar da shi. Amma a watan Janairun 2018 guguwar Friederike ta kayar da itatuwa birjik, ƙwaro ya samu wurin hayayyafa a banza. Kan a farfaɗo, fari ya biyo baya a 2018 da 2019. Saiwar fihte ba ta nisa cikin ƙasa, da ruwa ya janye sai ƙaro ya ƙafe. Ga zafi kuma, wanda ya sa ƙwaron ke yin zuriya biyu, wani wuri har uku, a shekara guda.

Ni dai a ganina an ɗora wa ƙwaro laifin da ya fi ƙarfinsa. Asalin gangaren Harz dajin buhe ne, bishiya mai faɗin ganye da ke zubar da shi lokacin sanyi. Fihte can sama take, wajen ƙololuwar Brocken mai tsayin mita 1,141. Haƙar ma'adinai ce ta juya lamarin. Ramin Rammelsberg na kusa da Goslar ya yi fiye da shekara 1,000 yana aiki kafin a rufe shi a 1988, kuma ramuka irinsa na cin katako da gawayi ba ƙaƙƙautawa. Aka sare buhe, aka jera fihte saboda saurin girma da miƙewarta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila suka sake yi wa dajin aski a matsayin diyya, mata suka bi filayen suna dasa fihte ɗin dai. Iri ɗaya, sa'a ɗaya, a sahu. In an shimfiɗa tabarma an jera akushi, ai ba a zargin wanda ya zauna ya ci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake yi da matattun. A dajin kasuwanci, da an ga jan garin nan sai a sare, a fitar da gungumen kafin 'ya'yan su yi fiffike. A shekarar katako ya yi yawa har farashinsa ya faɗi warwas, ana ta loda shi a kwantena zuwa Sin. A cikin gandun ƙasa na Harz kuwa, mai faɗin kusan hekta 25,000, a lokacin ba a taɓa su, in ban da zirin mita 500 a bakin iyaka don kare maƙwabta, da waɗanda za su iya faɗowa kan hanya. Mutanen ƙauyukan wurin da yawa ransu a ɓace yake, suna ganin an zuba ido dajin iyayensu ya lalace.

Da daddare na kira gida na ba Inna labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu ɗan nan, icen yana nan a bushe, ba mai ɗauka?" Na ce ko tsinke ba a yarda a ɗauka ba. Ta ce, "Allah mai iko. To su da me suke girki?" Ina jin ƙanwata tana dariya a bayanta.

Washegari dattijon ya kai mu wani yanki da ƙwaro ya cinye shekaru da dama da suka wuce. Gungume kan gungume, sai da rarrafe muke wucewa. Ya ce mu duba tsakaninsu. Ga 'yan bishiyoyi iri-iri sun taso, wasu sun wuce kaina, wasu ma a kan ruɓaɓɓen gungumen suka tsiro. Mataccen icen yana riƙe danshi, yana yi musu inuwa, kuma barewa ba ta son kutsawa cikin wannan sarƙaƙiya don ta cinye musu toho. A gangare, inda babu sauran iyayen buhe da za su zubar da iri, ma'aikata ne ke dasa ta da hannu.

Barewar nan ita ce ciwon kansa na gaske. Kyanwar dajin nan mai tukku a kunne, da aka fara dawo da ita Harz a 2000 bayan an harbe ta ƙarshe a 1818, tana rage su, amma ba ta isa ba. Sai an haɗa da bindiga. Kafin mu hau mota ya tambayi wa zai zo ya taya su kora a farautar watan Nuwamba, na ɗaga hannu tun kafin in tambayi irin sanyin da ake yi. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.