Mako na huɗu: ɗaga kod da sauke shi a Obsidian

'Yan'uwa masu koyon fiyano da jita a Samaru da Sabon Gari, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aiki ya kai.

Har yanzu muna kan Obsidian, manhajar rubutu da adana bayanai, tare da ƙarin manhajar Chord Sheets. Kowace waƙa fayil guda ne a cikin waya, ko babu data za a buɗe shi a wurin atisaye. Ana zuba waƙar tsakanin layin ```chords da layin ``` na rufewa.

Lissafin bai da wuya: rabin taki, wato tazarar da ke tsakanin maɓallin fiyano da wanda ke manne da shi, guda 12 ne kafin sauti ya dawo gida. Waƙar da ke ki na G, wato sautin da aka gina ta a kansa, in mai rerawa ya ce ta yi masa ƙasa, a ɗaga rabin taki 2 ta koma A: kod ɗinta (sautukan da ake bugawa tare) G, C, D, Em su zama A, D, E, F#m. Kod mai tsaga kuma ɓangarorinsa biyu ke tashi tare, D/F# ya zama E/G#. Mai jita yana iya barin yatsunsa a G ya ɗaura kafo, wato abin matse tsirkiyoyi, a gaɓa ta biyu ta wuyan jita.

Inda aka fi shan wahala shi ne jeri. In an ɗora kod a saman baiti, dole haruffa su zama masu faɗi ɗaya, to wasu salon haruffan ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai waya ta aro su daga wani salo, layi ya goce, kod ya sauka kan gaɓar kalmar da ba tasa ba. Ga kuma Em da ya koma F#m, ya ƙara tsawo, yana iya ture na gabansa. Shi ya sa muka fi son tsarin ChordPro, inda kod ke manne da gaɓarsa: A [G]daren nan mun [C]taru. Ya fi wuyar karantawa da farko, amma ba ya gocewa.

A kula da “A” ta Hausa a farkon gajeren baiti. Manhaja na iya ɗaukarta kod, ta mayar da ita B in an ɗaga waƙar da rabin taki 2.

In an sauka a F, a gyara A# ya zama Bb, haka ake rubuta shi a wannan ki. Sannan a rubuta asalin ki a saman shafi, don bayan ɗagawa da saukewa sau uku ba mai tuna inda aka faro.

Mako mai zuwa: takardar mai turamfet na Bb, wadda ake ɗaga masa da rabin taki 2 sama da ta mai fiyano.