Abin da na koya a kan tiyatar zuƙe kitse

A asibitin ƙaramar hukumarmu a Jigawa ba a yin tiyatar zuƙe kitse, amma waya ta kawo mana maganarta har ɗakin awo. Matan aure da amare masu shirin biki sukan nuno min bidiyon wani asibiti a Legas ko Turkiyya, su ce, "Anti nas, wacce ta fi kyau, ta leza ko ta Vaser?" Wannan tambayar ce ta sa na koma kan littattafan kwas ɗin jinyar ɗakin tiyata.

Duk hanyoyin tushensu ɗaya: a huda fata kaɗan, a zura siririn bututun ƙarfe, a zuƙo kitsen da ke ƙarƙashinta. Likitan Faransa Yves-Gérard Illouz ne ya yaɗa amfani da bututu marar kaifi a ƙarshen shekarun 1970. A 1987 likitan fata Jeffrey Klein na Amurka ya bayyana dabarar cika wurin da ruwan gishiri haɗe da lidoken mai kashe zafi da adiranalin mai tsuke jijiyoyin jini. A ganina wannan ne babban ci gaba, domin shi ya rage zubar jini sosai. Sauran ƙari ne a kansa. Vaser tana sassauta kitse da igiyar sauti kafin a zuƙe, tana da amfani inda kitsen ya yi tauri, kamar gadon baya ko ƙirjin namiji. Leza narkarwa take da zafi, ta fi dacewa da ƙaramin wuri irin ƙasan haɓa. Su biyun suna iya ƙona fata idan hannun bai ƙware ba. Akwai kuma bututu mai karkarwa da inji, wanda ke rage wa likita gajiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, babu ɗaya cikinsu da ke kaiwa ga kitsen da ya naɗe hanji. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa matan da aka zuƙe wa kitse mai yawa ba su samu sauƙi a sukarin jini ko hawan jini ba. Mai neman maganin ciwon suga, ba nan hanyar take ba.

Kuma yawancin tumbin da nake gani a nan ba ma teɓa ba ce. Mace ta haihu bakwai ko takwas, sai in ce, "Hajiya, kwanta rigingine, ɗago kai kaɗan." In ɗora yatsu sama da cibiya, sai su nutse, uku a jere, tsakanin naman cikin da ya rabu. Wata ƙabar cibiya ce, wata ƙari ne a mahaifa da take ɗauka ƙiba ce. Zuƙar kitse ba ta haɗa naman da ya buɗe, ba ta ɗame fatar da ta saki. Wannan aikin wata tiyata ce daban mai dogon yanka. Idan kuwa akwai ƙaba, bututun zai iya huda hanji.

Don haka yanzu tambayata ta wuce sunan inji. Wa zai yi aikin, ƙwararren likitan gyaran jiki ne mai rajista? Akwai likitan sa barci da jini a ajiye? Lita nawa za a cire? Idan ta haura 5, ƙa'ida ita ce a kwana ana sa ido a asibiti, saboda gudan jini ko kitse na iya toshe huhu, lidoken ma idan ya yi yawa guba ne. Sannan akwai rigar matsi ta makonni a zafin bazararmu, da tabo mai tudu da baƙar fata kan yi. Wadda aka yi wa a Istanbul ta dawo ƙauye da zazzaɓi da ruwa yana tsattsafowa, wajenmu za a kawo ta, mu kuma sai dai mu ɗaura mata ruwa mu tura ta Kano.