Buhunan gyaɗar da suka raba ni da gidan Hajiya

A ƙarshen daminar da ta wuce na bar aiki a gidan Hajiya, kuma har yau waɗanda muka yi aiki tare suna cewa zuciya ce ta ɗebe ni. Bari in faɗi nawa sau ɗaya in huta, ko ya amfani masu shirin fara niƙa gyaɗa a gida suna ɗurawa a roba suna kai wa shaguna.

Aikin gidan Hajiya ke nan: a soya gyaɗa, a niƙa, a ɗura a roba, a kai shaguna. Ni ce a kan kasko. Suya hannuna ce, kuma ko Hajiya ba ta taɓa musun cewa tun da na karɓi kaskon ba a sake kawo ƙorafin ƙauri ba.

Abin ya faru ne a watan Agusta, lokacin da tsohuwar gyaɗa ta yi wuya, sabuwa kuma tana ƙasa. Wani dillali ya kawo mata buhuna a kan kuɗin da kowa ya ji ya san da magana. Ina kwance bakin buhun farko warin rima ya buge ni. Na ɗebo a tafin hannu: wasu ƙwayoyin sun yamushe, wasu sun yi baƙi a gefe, wasu kuwa lafiya lau a ido, sai an fasa a ga ƙura-ƙura mai launin kore da ɗorawa a tsakiya. Na ce, "Hajiya, wannan sai an zauna an tsince ta sosai, kuma abin da za a zubar ba kaɗan ba ne." Ta ce, "Ke 'yar nan, me wuta ta bari? Ɗora kasko, ana jiran kaya." Na sake magana, ta ce in ni na sayo da kuɗina sai in zubar.

Wannan magana ta "me wuta ta bari" ba Hajiya kaɗai ke yin ta ba, kusan duk masu sana'ar haka suka ɗauka. Ƙurar nan da na gani a ƙwayoyin fumfuna ce. Wuta tana kashe fumfunar, amma gubar da fumfunar ta riga ta zuba a cikin ƙwaya, wadda masana ke kira aflatoksin, suyar kasko ba ta raba ta da gyaɗa. A kan gyaɗa ma aka fara gano ta: a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A Kenya kuma a 2004 mutum 125 suka rasu saboda masara mai irin wannan guba. Mu nan ba faɗuwa ake yi nan take ba, shi ya sa ba a jin tsoronta. A hankali take cin hanta, har ta kai ga sankara, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu.

Abin da ya sa na nace a kan tsinta shi ne, gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta. Mai cin soyayyiyar gyaɗa in ya tauna marar kyau zai tofar. Amma da zarar an kai inji, ɓatacciyar ƙwaya ta narke cikin sauran, kowane cokali ya samu rabonsa, kuma babu mai iya tsince ta bayan nan. Babbar damar mai wannan sana'a ita ce lokacin da gyaɗa take baje a faifai. Akwai ma dama ta biyu ƙarama bayan an soya an murza an sheƙe ɓawon, domin a nan ne masu tabo suke fitowa fili. Duka biyun aka hana ni, wai ɓata lokaci ne.

Na soya, aka niƙa, aka ɗura, aka kai. Ba a daɗe ba mai shago ya dawo da kayan, ya ce masu saye suna kukan ɗaci da wani wari. A tsakar gida, gaban yara masu ɗura da mai kai kaya, Hajiya ta ce na ƙona mata gyaɗa, kuma za a cire asarar daga kuɗina. Na buɗe roba ɗaya na nuna mata launin. Ƙonanniyar gyaɗa duhu take yi, ƙaurinta kuma ba ya ɓuya. Wannan kuwa launinta daidai yake, irin wanda take yabona a kai. Ba ta ko kalla ba. Waɗanda suka ji abin da na faɗa ranar da aka kwance buhun duk suka sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsu sosai ba, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Kuɗin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fitar da ni shi ne abin da aka yi da kayan da aka dawo da su. Aka juye su, aka zuba ruwan zafi aka tuƙa aka matse mai, tunkuzar aka yi ƙuli-ƙuli, yara suka ɗauka talla, sauran aka daka aka sayar wa masu tsire su haɗa yaji. Ɗacin da ya sa mai shago ya ƙi karɓa, gishiri da barkono suka rufe shi. Ɗacin nan ma rahama ce, domin gubar kanta ba ta da ɗanɗano. Sau da yawa tana nan baki bai ji komai ba.

Ba na cewa Hajiya muguwa ce. A hannunta na koyi sanin lokacin da gyaɗa ta yi daga ƙamshinta da yadda ɓawo ke saki a tsakanin yatsu. Na kuma san shaguna suna riƙe mata kuɗi, jari yana tsukewa. Sai dai araha ba ta ado, kuma wadda ta yanke shawarar saye ita ya kamata ta ɗauki abin da ya biyo baya.

Yanzu da nake yin tawa 'yar kaɗan a gida, da kaka nake saye, a hannun manoman da na san a kan tabarma ko leda suke shanya, ba a ƙasa ba, kuma sai kwanso ya bushe har yana ƙara in an girgiza. Buhuna a kan katako suke, nesa da bango. Wasu manoman sun fara watsa Aflasafe a gona, maganin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don rage wannan fumfuna, amma ko an ce mini an sa, sai na tsince. Abin da na tsince kuma ba na ba awaki, domin gubar tana fitowa a nono.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ɗigon ruwa ya taɓa niƙaƙƙiyar gyaɗar da za a ajiye. A je inji da sassafe kafin masu markaɗen kayan miya, a tabbata ya bushe. A bar ta ta huce kafin a rufe roba. Man da ke tasowa sama ba aibi ba ne, kusan rabin gyaɗa mai ne, juyawa kawai za a yi. Sannan duk wadda za ta kama aiki a gidan wani, a yi maganar wanda zai ɗauki asara tun ranar farko, gaban shaida.

Kwanan baya Hajiya ta aiko wata yarinya, wai oda ta yi yawa, wadda ke kan kasko kuma tana ƙona mata kaya, ko zan dawo. Na tambayi yarinyar ko an ba ta wani saƙo game da kuɗina da aka cire. Ta ce a'a. Na ce to ta gaishe mini da Hajiya da kyau.