Godiya, da maganar jakar nan mai jajayen furanni

Alhamdulillahi mun iso Maradi jiya bayan isha'i, ɗiyata ta ci tuwo da hannunta ta yi barci. Kwana 19 a Yamai inda aka yi mata aiki a asibiti, kuna biye da komai, ba sai na maimaita ba, ƙarfin ma babu.

Abu guda ne ya ƙi barin raina. Ranar tahiya mun tsaya Ƙonni, yarinya ta yi amai na sauko ina wanke mata jiki, direba na ta oda, na sungume ta muka shige. Sai da muka wuce Dogon Dutsi na lalubi jaka, babu. Hoton ƙirjinta, sakamakon jini, takardar da likita ya turo mu da ita, jika 150 da aka haɗa mana, duka suna ciki. Wallahi ko ranar aikin ban ji tsoro irin na wannan sa'a ba, bakina ya bushe ko kuka na kasa.

Jakar nan ƙanena ya aiko mani daga Faransa, ƴar tahiyar kwana biyu ce, an buga mata zanen Monet na 1873, fili cike da jajayen furanni ga mace riƙe da laima da yaro a gefenta, ya ce na ainihin yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Hajiyar da ke kusa da ni ta kira ɗanta a Ƙonni, ta ce ɗiyata jakar wace iri ce, na ce mai furanni da mace da laima. Kafin mu kai Doso aka kira, wani tsoho mai shayi ya ce tana ƙarƙashin teburinshi, ya ga hoton ya san ta matafiya ce ya ɓoye. Ya ba motar baya, da dare ta iske mu, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Na aika mashi tukuici ya maido, wai a saya wa yarinya magani.

Baba mai shayi, Allah ya ba ka Aljanna, ya tsare maka zuri'a, ya kai ka Makka. Hajiya Allah ya jiƙan mahaifanki. Goggo ta Bagalam kin hana ni faɗa amma sai na faɗa, ke kika sayar da tunkiyarki. Maƙwabta da suka riƙe mani yara, liman da jama'ar masallacin layinmu, Allah ya biya ku, kada ya nuna maku irin wannan rana. Dangi na Yamai da ko leƙowa ba ku yi ba, yarinya ta yi ta tambaya ina kawu, na ce aiki ne ya riƙe shi.

Furannin nan take ƙirgawa duk sanda za a sa mata ƙarin ruwa, yanzu ta ce jakar tata ce. Wata mai zuwa za mu koma a duba ɗinkin, ta ce in mun tsaya Ƙonni ita za ta miƙa wa Baba goro da hannunta.